Kafin Ka Lanƙwasa Harshen Fulot

Da ku nake, ƙannena yaran gareji, ku da kuke wuni a gindin bishiya a nan Barade da sauran unguwannin Jalingo, hannu duk baƙin mai, kuna jiran ranar da maigida zai yaye ku. Akwai wani abu da na ga ana yi. Na gani sau ɗaya na kawar da kai, na sake gani na yi shiru, yanzu har ya zama kamar shi ne ƙa'idar aikin. Mai keke zai tsaya ya ce, "Oga, abin nan shan mai yake yi ba ji ba gani, a ɗan matse mini shi." Sai yaro ya kwance kofin kafireto, ya sa babban yatsa ya danna ɗan harshen ƙarfen nan na fulot, ya ɗaga ya hanga da ido ɗaya, ya ce ya yi. Bai auna kafin ya taɓa ba, bai auna bayan ya taɓa ba. A miƙa masa na shan ruwa, kowa ya kama gabansa.

Ban ga laifin mai keken ba. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin shekarar 2024 ta ƙare kuma ta wuce 1,000. Mutumin da ke zirga-zirga a titin Hammaruwa tun asuba, ga balas ɗin mamallakin keken na jiransa da yamma, ga cefane, dole ya riƙa ƙirga kowane ɗigo. Shi abin da ya sani ke nan. Kai ne aka ce bakanike, kai ya kamata ka san abin da ke cikin kofin nan.

Kofi ne da bai kai na shayi girma ba. Mai yana gangarowa daga tanki ta tiyo, ya shiga ta wata 'yar ƙofa da allura ke tsare da ita. A cikin kofin akwai fulot, wanda aikinsa ɗaya ne da na goran da masunta ke hawa a kan ruwa: ruwa ya tashi, gora ya tashi, ruwa ya sauka, gora ya bi shi. Idan mai ya taru, fulot ya yi sama, harshensa ya tura allura ta toshe ƙofa. Inji ya sha kaɗan, fulot ya ɗan sauka, ƙofa ta buɗe. Wanda ya taɓa leƙa tankin ruwan da ke saman gida ya ga ƙwallon nan da ke rufe famfo idan tanki ya cika, to ya gama ganin dabarar. Tsohuwar dabara ce kuwa. Tun a 1893 wani Bajamushe mai suna Wilhelm Maybach ya haɗa kafireto mai fulot da bakin feshi, kuma abin da ke cikin keken da aka kawo maka yau jikansa ne, bai sauya kama sosai ba.

Abin da ba a cika gaya wa yaro ba shi ne dalilin da ya sa tsayin man nan yake da muhimmanci haka. Babu famfon da ke tura mai daga kofi zuwa cikin inji. Iska ce ke jawo shi. Fistin ya yi ƙasa, ya zuƙo iska ta maƙogwaron kafireto, wurin da maƙogwaron ya tsuke iskar ta ƙara gudu, gudun nan ya tsotso mai ta cikin jet. Ka tuna rijiya. Da damina ruwa yana kusa, da ɗan jan igiya ka cika tulu. Da bazara ya yi nisa, ƙarfin da ka sa ɗaya ne amma abin da kake samu ya ragu. Haka man da ke cikin kofi yake ga iskar nan. Ya yi sama da yawa, iska ta kwaso fiye da kima, wani lokaci ma ya riƙa tsiyaya da kansa ba tare da an jawo shi ba. Ya yi ƙasa, iska ta ja ta ja ba ta samu abin kirki ba. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1 idan an auna da nauyi, wato lita guda ta fetur tana bukatar iska kimanin lita 9,000 kafin ta ƙone tas. Duk jet ɗin da ke cikin kafireto, na sulo da babban, an huda su ne bisa lissafin cewa mai zai tsaya a wani tsayi guda. Ka gusar da tsayin nan, ka gusar da lissafin gaba ɗaya, kuma babu adadin murɗa sukurun sulo da zai mayar da shi.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kasuwar hatsi na yarda. A cikin kofin kafireto, inda milimita ɗaya ko biyu ke raba inji mai lafiya da mai tari, ido bai san komai ba.

Na koyi wannan da kunya. Ina yaro a gareji aka kawo wata Volkswagen mai ƙirar kunkuru, irin waɗanda aka fara haɗawa a Legas a 1975. Kafiretonta Solex ne, kuma a irinsa ba a lanƙwasa komai. Kaurin wata 'yar wasa da ke ƙarƙashin mazaunin allura shi ke tsayar da mai inda ya kamata. Na wanke kafireto fes, garin mayarwa wasar ta suɓuce ta faɗa cikin yashi. Na duba ban gani ba, na ce abu kamar ɓawon gyaɗa me zai hana, na ɗaure haka nan. Ko ƙofar gareji motar ba ta kai ba ta fara baƙin hayaƙi, ta mutu, fetur na wari ko'ina. Maigidana bai ɗaga murya ba. Ya aika aka aro masa rariya a maƙwabta, ya miƙo mini, ya nuna mini yashin. Na yi tankaɗe har bayan la'asar kafin na same ta, sauran yara na ta dariya. Da na kawo masa sai ya ɗora ta a tafin hannuna ya ce, "Wanda ya ƙera motar nan ya fi ni da kai son rage kuɗi. Da ba ta da aiki da bai sa ta ba."

To me matsewar nan take haifarwa? Idan ka rage man kofi fiye da ƙa'ida, a ranar farko mai keke zai ji kamar an yi masa alheri, don sulo ya yi sanyi, hayaƙi ya ragu. Amma ya ɗauki fasinja huɗu ya doshi hawa, sai keke ya fara shaƙewa, yana jan numfashi, yana harbi ta baya. Direba ya ƙara murɗa hannu, man da aka ce an rage ya fita ta wata hanyar. Wannan duk mai sauƙi ne. Cakuda mai ƙarancin mai tana sa inji zafi fiye da kima, ga zafin Jalingo na watan Maris da Afrilu, ga inji mai shan iska ba ruwa ba. Ka kwance fulogi ka ga bakinsa fari kamar toka. A hankali bawul ya ƙone, ko kan fistin ya narke. A ƙaramin janareton nan da ake zuba wa baƙin mai a cikin fetur abin ya fi muni, domin man da ka hana shi sha shi ne kuma yake ɗauke da abin da ke sa fistin santsi. Ka rage masa abinci ka rage masa man shafawa a lokaci guda, sai ya kafe. Kuɗin ringi da fistin da aikin buɗe inji ya ninka abin da aka tsimi sau nawa? Ku lissafa da kanku, kun fi ni sanin farashin yau.

Idan kuma mai ya yi yawa, alamunsa ba sa ɓuya: fulogi baƙi ƙirin da kunkunniya, baƙin hayaƙi a salansa, inji ya yi zafi a kashe ya ƙi tashi, mai na ɗiga ta tiyon da ke ƙasan kofi. Wanda ya fi ɓarna shi ne wanda ba a gani. Fetur da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya gauraya da na ƙasa. Ka zaro sandar duba baƙin mai ka ga ya ƙaru maimakon ya ragu, ka shinshina ka ji fetur. Duk injin da ka samu a haka, gyaran kafireto kawai bai isa ba, a juye baƙin man.

Amma ga inda nake so ku tsaya ku saurare ni da kyau. Sau da yawa idan kafireto yana ambaliya, harshen fulot ba shi da laifi ko kaɗan. Ƙarfe ne, ba ya lanƙwasa kansa da dare. Tun daga kamfani yake a yadda yake, sai dai in wani yaro ya riga ka taɓa shi. Abin da ya fi yawa shi ne ƙwayar yashi ko tsatsar tanki ta maƙale a bakin allura ta hana ta zama. Mu da muke sayen mai a galan a bakin titi, ana tace shi da tsumma in an tace, mun san daga inda dattin yake zuwa. Ko kuma bakin allurar ya cinye, ka ga wani zobe ya fito a jikinsa inda yake gugar mazauni. Ko robar bakin ta kumbura. Waɗanda suka yi aiki a watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, sun ga abin da gurɓataccen mai ke yi wa injina. Ko fulot ɗin kansa ya huje ya sha mai ya yi nauyi, kamar goran da ya tsage. Girgiza shi kusa da kunnenka, in ka ji motsin ruwa a ciki, ya gama aiki. Na tagulla kuma ka nutsar da shi a ruwan zafi, inda ya huje zai fitar da kumfa. Har matatar iska ma ka duba, don ƙurar hunturu in ta toshe ta, inji zai yi baƙin hayaƙi kamar wanda mansa ya yi yawa. Wanda ya lanƙwasa harshe alhali yashi ne a bakin allura, ya bar cuta ɗaya ya ƙara ta biyu.

Masu motocin da aka cire wa injekta aka mayar kafireto, ku ma ga naku. Babur da janareto da injin ban ruwa, mai gangarowa yake yi daga tanki da nauyinsa. Mota kuwa famfo ke turo shi. Famfon injekta yana turo mai da ƙarfin da ya kai psi 40 ko fiye, allurar kafireto kuwa ko babba ce abin da take iya tarewa bai wuce 6 zuwa 7 ba, ƙanana ma ba su kai haka ba. In ba a sauya famfo ko an sa abin rage matsi ba, ka lanƙwasa fulot har ya karye, ambaliya ba za ta tsaya ba.

Sai ka gama da waɗannan duka sannan ka zo kan awo.

Bari in kai ku Amurka na ɗan lokaci, don ku ga ba ƙauyanci ba ne auna fulot. A 1955 kamfanin Chevrolet ya fito da wani inji mai silinda takwas da suke yi wa laƙabi da ƙaramin bulo, na farkonsa lita 4.3, daga baya a 1967 aka yi mai lita 5.7 wanda ya fi shahara. Tun farkon shekarun 1990 aka daina sayar da sababbin motoci masu kafireto a ƙasar, amma har yau masu tsere da masu son tsofaffin motoci suna ɗora wa injin nan manyan kafireto masu maƙogwaro huɗu, kuma babban rukunin gasar tsere ta NASCAR bai rabu da kafireto ba sai a 2012. Mutanen nan suna da kuɗi, suna da kwamfuta, suna da na'urar gwada hayaƙi. Duk da haka da fulot suke farawa kafin su taɓa jet ko sukuru. Kafireton Holley, ɗaya daga cikin waɗanda suke ɗorawa, yana da kofi biyu, gaba da baya, kowanne da wani rami a gefe da ake toshewa da sukuru. A tsayar da mota a wuri mai lebur, a cire sukurun, mai ya kamata ya tsaya daidai leɓen ramin na ƙasa, in an ɗan jijjiga motar ya leƙo kaɗan. A waɗanda aka sa wa tagar gilashi kuma a tsakiyar gilashin ake so ya tsaya. In bai yi daidai ba, a sassauta sukurun sama, a juya notin da sifana mai 5/8: yadda hannun agogo ke tafiya mai ya sauka, akasin haka ya hau. A kafireton Edelbrock kuwa murfin ake cirewa a kifa shi, a zura bakin injin huda ƙarfe mai kaurin 7/16 na inci, kimanin milimita 11, tsakanin fulot da fakin. Ya shige daidai yana shafar duka biyu, shi ke nan. Ku lura da kayan aikin: sifana, sukundireba, da guntun ƙarfen da aka san kaurinsa. Wanne ne babu a akwatinka?

Namu ma kowanne da lambarsa. Injin Honda GX160, wanda shi da 'yan kwaikwayonsa suka cika injinan markaɗe a unguwa da na ban ruwan masu noman shinkafa a Gassol da Lau, tsayin fulot ɗinsa milimita 13.7 ne, kuma na roba ne, harshensa a jikinsa yake. Ba a lanƙwasa shi. In awo bai yi ba, sabon fulot da allura ake sayowa. Na ga yaro yana gasa irinsa da ashana wai zai tanƙwara shi, Allah Ya kyauta. Keken Bajaj da na TVS da baburan da ke shigowa daga ƙauyuka, kowanne akwai lambarsa a littafin kamfani. Wayar da kake kallon ƙwallo da ita za ta iya nemo maka. In ka rasa, sabon kafireto irinsa da ke shagon mai sifiya shi ne littafinka: roƙi arziki ka auna nasa, ka rubuta a bango ko a ɗan littafi.

Yadda ake awon kuwa, rufe makullin mai, cire kofi, ka karkata kafireton a hankali har harshen fulot ya taɓa ɗan tsinken da ke bayan allura, taɓawa kawai, ba dannawa ba, domin akwai sifirin a ciki, in ya lotsa awonka ƙarya ne. Sa rula daga leɓen da kofi ke zama zuwa ƙarshen fulot. A nan yara da yawa suke ruɗewa: in lambar ta yi yawa, man kofi ƙasa zai yi, domin allura za ta rufe da wuri, in lambar ta yi kaɗan, mai sama zai yi. In gyara ya kama, zare fulot ɗin daga mazauninsa tukuna, ka taɓa harshen shi kaɗai da bakin filaya, kaɗan-kaɗan, kada ka danna shi a kan allura ka ɓata bakinta. In fulot mai kunne biyu ne, a ga kunnuwan sun yi daidai da juna.

Akwai kuma hanyar da na fi so, don ba ta ƙarya. Kun ga yadda magina ke ɗaukar lebur da farin tiyo mai ruwa a ciki. Samo siririn tiyo mai gani-har-hanji, ka soka shi a bakin da ake zubar da man kofi, ka lanƙwaso ɗaya bakin sama a jikin kafireto, ka buɗe makullin mai da sukurun ƙasa. Mai zai hau cikin tiyon ya tsaya daidai inda na cikin kofi yake. A yawancin babura kusa da layin fakin yake tsayawa, ko ƙasa da shi kaɗan. In ka ga yana ta hawa bai tsaya ba, allura ce ba ta rufewa. Ka ga ciki ba tare da ka buɗe ba, kuma mai abin hawa ma ya gani da idonsa, ba sai ka rantse masa ba. Sai dai a yi shi a fili, inji a sanyaye, babu mai sigari a kusa. Kuma don Allah a daina zuƙar fetur da baki.

Mu 'yan Taraba muna da wani gwaji da bakaniken Kano ba shi da shi. Mota ta tashi daga Jalingo lafiya ƙalau, ta wuce Bali da Serti, daga Mayo Selbe ta fara hawan Mambilla, kafin ta kai Nguroje ko Gembu ta zama raguwa, tana baƙin hayaƙi. Tsaunin ya haura mita 1,500, iskar can ta fi ta nan sirantaka da kusan kashi 15 cikin 100, kafireto kuwa bai san an hau dutse ba, man da ya saba bayarwa shi yake bayarwa. Sai wani ya ce a matse fulot. A'a. Abin hawan da zai zauna can, jet ake rage masa kaɗan, fulot ya zauna a inda kamfani ya ce. Wanda zai je ya dawo kuwa a bar shi ya yi haƙuri da hayaƙin kwana biyu. Hasali ma a hawa da gangara irin na hanyar nan, inda mai ke karkata gefe guda a cikin kofi, fulot ɗin da aka matse shi ne zai bar jet a bushe a tsakiyar kwana, ga rami a gefe.

Na san abin da za ku ce. Mai keke yana sauri, in ka tsaya awo zai tafi wurin na gaba da zai danna masa da yatsa cikin minti biyu. Zai tafi ɗin, wasu za su tafi. Amma garin nan ƙarami ne, masu keke kuma a tasha ɗaya suke hira. Gaya masa gaskiya: "Yallaɓai, in mai kake so ya ragu, bari in wanke matatar iska, in duba fulogi da allura, in ga iskar taya da birkin da ke kamawa. Fulot kuwa zan mayar da shi inda aka ƙera shi, ba zan wuce nan ba." Wanda ya ƙi ji, injinsa zai gaya masa, kuma ranar da zai buɗe inji ba wurin mai yatsa zai koma ba.

Gobe in an kawo maka keke yana ɗigar da mai, ajiye filaya tukuna. Rufe makulli, cire kofi, ka fara duba bakin allura. Ƙaramar rular ƙarfe tana nan a shagon masu kayan gini a babbar kasuwa, tiyon kuma ko na ƙarin ruwa da ake sayarwa a kemis ya isa. Ka sayi naka, ka daina aro.